Inda Jan Biro Ya Bi

Alƙalin Marseille bai taɓa hawa benenmu ba.
Bai san lif ya mutu tun bara ba,
bai san a hawa na tara nake ba,
amma ya san sunan titinmu.
Ya ɗauki jan biro ya kewaye shi a taswira
kamar mai zagaye tururuwa da toka.

Nassuf, ɗana na biyu:
shekara biyu, in ji takarda,
kada ƙafarsa ta taka cikin da'irar.
Na ce wa lauya, ai a ciki ya yi rarrafe, ya yi tatata.
Ta ce, Madam, gara wannan da kurkuku.
Na yi shiru. Gaskiya ta faɗa,
sai dai maɗaci ya fi ta daɗin haɗiya.

Ba zan ɓoye ba, idona ya ga abin da ya gani:
kujerar roba a bakin ƙofar bene,
yara da fuska a rufe suna tare likita,
sai ya nuna kati kafin ya hau duba mara lafiya.
An rubuta farashi a bango kamar na tumatir.
Madam Terzian ta hawa na uku
shekara huɗu a cikin baho take kwana,
tun daren da harsashi ya huda mata labule.
Ita ta fara sa hannu a takardar koke.
Ni ce ta goma sha ɗaya.
Ban san da ɗana a ciki ba.
Ko na sani, na kau da kai.

Yanzu matakala ta yi tsit.
'Yar Belkacem tana tsallake igiya inda ake layi a da.
Madam Terzian ta koma gadonta,
har ta shuka na'ana'a a taga.
In mun haɗu wajen akwatin wasiƙa
ta dubi ƙasa, ni ma in dubi ƙasa.

Amma ruwa, in ka datse shi nan, can zai ɓullo.
Kasuwar ta koma bayan makaranta,
aka faɗaɗa layi, ya haɗiye makaranta.
Ta koma gindin gada, layi ya bi ta gada,
ya lashe kantin magani da gidan burodi
da ofishin da Nassuf ke neman aiki ranar Talata.
Layi sai ƙiba yake kamar ana ba shi dusa,
kujerar roba kuwa ba ta taɓa hucewa ba.
Wanda ke kanta yanzu ko gashin baki bai fara ba,
kotu ba ta san sunansa ba tukuna.

Ranar Lahadi nakan dafa shinkafa da madarar kwakwa
irin ta mahaifiyata a Ngazidja,
in naɗe tukunya da tawul, in hau bas.
Da farko tasha biyu ce.
Ta zama biyar. Yanzu takwas,
sai na kai inda ake jin ƙarnin teku.
Iskar mistral tana tsinka mana zance.
A tsaye yake ci, ƙarƙashin rumfar bas,
yana tambaya ko an gyara lif,
ko kyanwar nan mai ido ɗaya tana nan.
Ba ya tambayar abokansa.
Ban san ko in yi murna ba.

Jiya ya ce, Mama, in suka sake faɗaɗawa fa?
Na ce, sai in ƙara tawul kada abinci ya huce.
Ya yi dariya, ta maƙale masa a wuya.

Da dare na shimfiɗa taswirar a tebur,
na bi layin da yatsa
in ji ko yana da kaifi, ko zafi, ko ƙaya.
Tawada ce kawai.
Ta taga ina hango fitilun tashar jiragen ruwa,
da wani yaro can ƙasa yana jan kujera
zuwa inda jan biro bai kai ba tukuna.